Shekara Goma Sha Biyu Ina Zana Zarto a Allo

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran keke ne, kuma rumfarsa tana bakin kasuwar garinmu, a kudancin Kano, inda ruwan madatsar Tiga ya mayar da noman rani sana'ar kusan kowane gida. A ƙarƙashin wannan rumfa na yi wayo, tsakanin tsofaffin tayoyi da gwangwanin giris da kwanon ruwan da ake tsoma tiyub a ciki don a ga inda kumfa za ta ɓullo. Abin da ya fi zauna mini a rai cikin aikinsa shi ne yadda yake miƙe ƙafar keken da ta karkace. Yakan kifar da keken a kan sirdinsa, ya juya ƙafar, ya ƙura mata ido har sai ya gano inda take gogar birki, sannan ya ɗaure waya ɗaya tak, rabin murɗa, ya ɗago kai ya ce da ni, "Juya mu gani." Idan na juya aka ji tana nan tana guga, ba ya fushi, ba ya kuma mamaki, sai dai ya sassauta wata wayar ta ɗaya gefen ya sake cewa in juya. Wata rana sai mun yi haka sau ashirin kafin ƙafar ta riƙa gudu shiru, kuma ban taɓa jin ya ɗauki sau goma sha tara na farko a matsayin asara ba.

Kamar sauran yaran zamaninmu, ni ma na yi motar kara, na yi ta langa-langa, na yanka tsohon silifa na yi mata tayoyi. Da na shiga ƙaramar sakandare a 1987, lokacin tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) yana ɗanye, sai aka ce mana akwai wani sabon darasi da ake kira Intirotek, wanda a cikinsa za mu koyi aikin katako da na ƙarfe da na lantarki da zanen fasaha, domin ko wanda bai wuce aji uku ba ya fita da sana'a a hannunsa. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari da Cekoslobakiya, aka rarraba wa makarantu, kuma tamu ma ta samu rabonta. Na gan su da idona, ko in ce na ga akwatunansu, domin babu wutar lantarki a makarantar, babu kuma ɗakin da za a kafa su. Shekara uku muna zama a kan waɗannan akwatuna a bayan sito muna cin gyaɗa lokacin tara, gara kuma tana cin katakonsu daga ƙasa, har muka gama ba a buɗe ko ɗaya ba. Darasin kuwa mun yi shi, mun kuma ci jarrabawarsa, amma da alli da biro.

Sai da na je Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Bichi sannan na kama injin walda da hannuna, na kuma ga yadda injin sassaƙa yake cin ƙarfe kamar ana feraye rogo. Na fito da alwashin cewa ɗalibaina ba za su yi irin zaman da muka yi a kan akwatuna ba. An ɗauke ni aikin koyarwa a 1999, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, aka tura ni wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo da ba ta da nisa da garinmu. Can na tarar da yara casa'in da ɗoriya a aji guda, da darasi na minti arba'in, da manhaja mai tsawo da dole a gama kafin ƙarshen zango, da wani ɗaki da aka rubuta wa sunan ɗakin koyon sana'a alhali karyayyun bencina ne jibge a ciki. Alwashin nan bai kai zango biyu ba ya narke. Na koma abin da aka yi mini: in zana zarto a allo, in ja layi in rubuta sunan kowane sashe nasa da Turanci, yara su kwafa, in sa musu hannu da jan biro. Na ƙware a zanen nan har malamai 'yan'uwana suna leƙowa ta taga suna yabawa, ni kuma ina jin daɗi. Shekara goma sha biyu na yi a haka, kuma gaskiyar da ta fi yi mini nauyin faɗa ita ce, a tsawon wannan lokaci ban ji wata damuwa ba, domin ɗalibaina suna cin jarrabawa, masu duba makarantu kuma suna samun littafin tsara darasina cike tsaf.

A 2011, wata ranar Talata da hantsi, ina koyar da 'yan aji biyu yadda bel yake ɗaukar juyi daga wani gargare zuwa wani, na zana da'ira biyu a allo, babba da ƙarama, na haɗa su da layi, ina cikin rubuta ƙa'idar lissafin gudunsu sai na ji wani ƙugi siriri yana tashi daga bayan aji, yara kuma suna danne dariya. Na bi ƙugin har benci na ƙarshe, na samu wani yaro, wanda ba ya cikin masu ƙoƙari a wurina, ya ɓoye mota a cikin jakar littattafansa. Na ƙwace ta, na yi masa bulala uku a tafin hannu, na sa shi durƙuso a gaban aji, na jefa motar a aljihun teburina na ci gaba da darasi. Da aka tashi, ofishin malamai ya watse, sai na ciro ta don in ga abin da ya ɗauke wa yara hankali. Jikinta gwangwanin madara ne da aka buɗe aka daddaƙa, injinta kuma ƙaramin injin juya kaset ne na tsohuwar rediyo da batir biyu, kuma daga bakin wannan inji an ɗaura robar ɗaure kuɗi ta zagaya wani marfin kwalba da aka huda aka soka a sandar tayoyin baya. Wato abin da na ɓata minti arba'in ina zanawa da alli, shi ne a tafin hannuna yana aiki, kuma wanda ya haɗa shi na sa shi ya yi darasin a durƙushe.

Da yamma na biya ta rumfar Baba da motar a aljihun rigata, na ajiye masa a kan cinya na ba shi labari. Ya jujjuya ta, ya taɓa robar da ɗan yatsa ya ji ƙarfin ɗaurinta, sannan ya ce, "Malam, wannan yaron ai ya fi ka sanin abin da kake koya masa. Ka tambaye shi me ya sa ya sa marfin nan?" Na ce, "Ban tambaye shi ba, Baba." Bai ƙara cewa komai ba, ya miƙo mini motar ya koma kan facin da yake yi, kuma wannan shirun nasa ya fi mini bulala zafi.

Washegari na kira yaron gaban aji, ya fito yana rawar jiki don yana zaton wani hukuncin ne, na mayar masa da motarsa na yi masa tambayar Baba. Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Malam, da farko ƙaramin marfi na sa, sai tana gudu amma ba ta hawa tudu. Da na sa babba sai gudun ya ragu, amma ko tudun ƙofar gidanmu tana hawa." Na sa aka kawo rula, muka auna faɗin bakin injin da faɗin marfin, muka raba, muka ga sau nawa injin yake juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma lambar da muka samu ta yi daidai da ƙa'idar da take rubuce a allo tun jiya ba wanda ya kula ta. A ranar na ga yaran benci na baya sun miƙe tsaye suna leƙe a darasina, abin da ban taɓa gani ba. Na ba shi haƙuri a gaban 'yan'uwansa, wanda wasu abokan aikina suka ce zubar da girma ne, amma ban yi nadama ba.

Bayan wannan na yi ta lalube ba tare da wani tsari ba, yau in kawo tsohuwar tocila mu farke, gobe in kawo sarƙar keke. A 2014, shekarar da aka fara aiki da manhajar da aka sabunta, wadda ta haɗe kimiyya da fasaha da kwamfuta da motsa jiki a ƙarƙashin darasi guda, aka aike ni wata bita a birni, inda na fara jin kalmar STEM, wato a koyar da kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi a dunƙule, ta hanyar ba yara wata matsala ta gaske su warware. Yawancin abin da aka nuna mana hotunan yaran wasu ƙasashe ne suna haɗa mutum-mutumi da kwamfuta a ɗakuna masu sanyi, kuma na ga malaman karkara irina suna ta kallon juna. Amma akwai abu ɗaya da na riƙe, shi ne yadda aka bayyana hanyar da injiniya yake bi: ya fara fayyace matsalar da iyakokinta na kuɗi da kayan aiki, ya kawo dabaru fiye da ɗaya, ya zaɓa ya zana, ya haɗa na gwaji, ya gwada ya auna, sannan ya koma ya gyara, ya sake gwadawa. Ina zaune a kujerar nan sai na gane cewa "juya mu gani" ce aka sa wa kwat da taye. Bambancin da na lura da shi, wanda kuma ba ƙarami ba ne, shi ne injiniya yana aunawa ya rubuta, Baba kuwa duk iliminsa a yatsunsa yake, kuma da ya rasu bayan shekara biyu, da shi aka tafi da shi, ban da ɗan abin da idona ya kama.

Aikin farko da na tsara bisa wannan hanya gada ce ta karan dawa. Na raba aji rukuni tara, kowane rukuni kara ashirin da ƙullin zare ɗaya, aka ce su haɗa gadar da za ta ratsa tazarar santimita 40 tsakanin benci biyu. Ma'aunin nauyinmu ledar fiya wata ce, tunda kowace rabin lita ce, wato rabin kilo ke nan. Na kafa doka guda wadda yara suka tsana, cewa ba mai taɓa kara sai rukuninsa ya nuna mini zane mai ɗauke da awo, kuma kowane rukuni ya naɗa marubuci da zai riƙa shigar da abin da aka yi da abin da ya faru. Gadojin farko duk shimfiɗa ce irin ta gadon kara, suka riƙa lotsawa suna karyewa a leda ta biyar ko ta shida. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi in ce musu su yi amfani da siffa mai kusurwa uku, amma na daure, na ce kawai kowa ya ɗaga kai ya dubi sama. Silin ajinmu ya daɗe da zubewa, saboda haka katakon da kafintoci suka haɗa ya ɗauki kwanon rufi a fili yake, kuma wannan ne karo na farko da lalacewar ginin ta yi mana rana. A mako na biyu wata gada ta ɗauki leda ashirin da uku kafin ta ba da kai, kuma ihun da aka yi sai da ya fito da shugaban makaranta daga ofis. Daga nan na ɗan ba su labarin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, inda aka ɗaure azara cikin ƙasa aka tayar da bakan gizo ya ɗauki rufi mai faɗi, domin su san cewa tunanin yadda nauyi yake bi ta jikin gini ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Aikin da ya fi koya mini darasi kuwa na tukwane ne. A wani zango na biyu, cikin watan Maris, na ce da 'yan aji biyu kowa ya zo da wata matsala daga gidansu. Da muka tattara sai ta tumatir ta rinjaya, abin da ba mamaki a ciki ga wanda ya san yankinmu, domin a lokacin kaka ta noman rani kwanduna sukan yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan har farashi ya faɗi warwas, wanda aka kai gida kuma kwana uku ya isa ya fara ruwa. Muka rubuta iyakokin aikin a allo: babu lantarki, kayan aiki su zama waɗanda ake samu a cikin gari, kuɗinsu kuma kada ya fi ƙarfin gidan talaka. Ni na san amsar da wani ya riga ya samo, amma na ɓoye ta. Wasu suka ce a haƙa rami, wasu suka ce a lulluɓe kwando da jiƙaƙƙen buhun algarara, sai wata yarinya mai shiru-shiru, wadda kakarta maginiyar tukwane ce, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kakata ta ce sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyaya ruwa, saboda sabuwa tana naso." Na tambayi aji me ya haɗa naso da sanyi. Yaran nan duk sun haddace kalmar Turanci ta ƙafewar ruwa tun suna aji ɗaya, suna iya rubuta ma'anarta ba kuskure, amma babu ko ɗaya da ya taɓa haɗa ta da randar da yake shan ruwa a cikinta kullum. Na sa kowa ya lashi bayan hannunsa ya hura, sannan muka fara magana.

Na je gidan tsohuwar da kaina na gaishe ta, na ce, "Iya, tukwane nake so manya da ƙanana, waɗanda ƙaramar za ta shige cikin babbar a bar tazarar yatsa uku." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, girki za ku koma yi a bokon?" amma ta ware mana waɗanda bakinsu ya ɗan gutsure ta sayar mana da araha. Ni kuma na tafka nawa kuskuren tun kafin yara su yi nasu, domin na shiga kemis na sayo ma'aunin zafi irin na asibiti, na manta cewa shi daga digiri 35 yake farawa ya tsaya a 42, don haka ba abin da zai gaya mana game da tukunya mai sanyi. Sai da na roƙi aron na ɗakin gwaje-gwaje daga wata babbar sakandare, guda ɗaya tal, muka riƙa yawo da shi a cikin kwalin man goge baki kamar ƙwai.

Kowane rukuni ya bi dabararsa, ni kuma na ɗaure hannuna a baya. Wani rukuni ya sa bokitin roba a waje maimakon babbar tukunya, suna alfahari cewa nasu ba ya yoyo kuma ruwansa ba ya ƙarewa, sai ma'auni ya nuna cikinsa da waje kusan ɗaya ne. Wani rukunin ya kulle tukwanensa a sito don tsoron kada a sace musu tumatir, inda ko iska ba ta motsi, su ma ba su samu abin kirki ba. Wasu suka cika tsakanin tukwanen da turɓaya don ta fi kusa, ta zama taɓo ta toshe ƙofofin jikin tukunyar. Waɗanda suka ɗebo yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, suka jiƙa shi safe da yamma, suka rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, suka ajiye a inuwar darbejiya inda iska take kaɗawa, su ne suka samu cikin tukunyarsu ya gaza waje da digiri goma sha uku. Nan fa gardama ta tashi, domin masu bokiti sun ce an cuce su, an auna nasu da tsakar rana, na wasu kuma da safe. Wannan gardama ta fi mini komai daɗi, saboda daga bakinsu, ba daga nawa ba, dokar gwajin adalci ta fito: a auna duka a lokaci guda, a wuri guda, a canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, a kuma ajiye wani tumatir a kwando a gefe don a san abin da zai faru idan ba a yi komai ba. Bayan sun ga sakamakon da idonsu ne na yi musu bayanin cewa ruwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi, kuma zafin da lita ɗaya take buƙata ta ƙafe ya ninka fiye da sau biyar wanda za ta buƙata daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa, kuma daga jikin yashi da ƙaramar tukunya take zuƙo shi.

Sai a ƙarshe na ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga zuri'ar magina tukwane, ya daidaita wannan dabara ta tukunya cikin tukunya a shekarun 1990, ya rarraba dubbai a ƙauyuka, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000 tare da dalar Amurka 75,000. An ruwaito cewa yalon da yake lalacewa a kwana uku ya kai kwana 27 a cikinta, kuma dabarar ta kai har Sudan, inda suke kiran randar zir. Wani yaro ya ɓata rai ya ce, "Ashe an riga mu, Malam, me ya sa ba ka faɗa mana tun farko ba?" Na ce da na faɗa, da tukunya ɗaya za a yi sau tara, kuma da ba wanda zai san dalilin da ya sa bokitin roba ba ya aiki. Jikar maginiya kuwa ta kai labarin dalolin gida, washegari ta zo mini da saƙon kakarta cewa ita shekara arba'in tana gina randa ba wanda ya taɓa ba ta ko agogon hannu.

A watan Yuli na shekarar da muka yi aikin tukwanen aka sanar da mu cewa manya za su zo daga ofishin ilimi, shugaban makaranta kuma ya ce a nuna musu tukwanen. Muka share gindin darbejiya, muka jera su, aka jiƙa yashi tun da asuba. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, riga tana manne wa mutum a jiki. Da baƙi suka tsaya aka tsoma ma'auni, sai ga bambancin digiri uku kacal. Na ji gumi yana bin bayana, kuma na buɗe baki ke nan zan ɗora laifin a kan ma'aunin, Allah ya kiyaye ni, yarinyar nan ta riga ni. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai da damina ko wanki ba ya bushewa, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa. Idan ruwan bai ƙafe ba, tukunyar ba za ta yi sanyi ba." Sannan ta buɗe littafin rukuninsu ta nuna masa awon watan Maris rana bi rana. Ɗaya daga cikin baƙin ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa. Wani kuma ya tambaye ni ko ba mu da wani abu na zamani, irin mai aiki da kwamfuta, na ce masa babu.

Ba zan ce wannan hanya ba ta da tsada ba. Tana cin lokaci, jarrabawar kammala aji uku kuma har yanzu a takarda ake yin ta, kuma akwai zangon da na bar babi biyu ban taɓa ba har sai da na yi musu gudun famfalaƙi a mako na ƙarshe. Tana kuma da hayaniya, malamin ajin da ke maƙwabtaka da ni ya kai ƙarata ba sau ɗaya ba. Kuɗin zare da batir da tukwane daga albashina suke fita. Shugaban makaranta ya zaunar da ni muka yi yarjejeniya cewa aikin hannu darasi mai ninki ɗaya ne a mako biyu, sauran kuma a kai shi ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha ta JETS ranar Alhamis bayan an tashi, abin da ya rage mini 'yan mata, domin da yawansu ana jiransu a gida da an tashi, alhali na lura sun fi maza kula da awo da rubutu. Wani uba ma ya zo har makaranta ya ce shi boko ya kawo ɗansa, ba ginin tukunya ba. Na ba shi labarin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, ya saurara da ladabi amma na ga bai gamsu ba. Abin da ya sauko da shi, kamar yadda ya gaya mini daga baya a wurin wani ɗaurin aure, shi ne ranar da injin ban-ruwansa ya ƙi jan ruwa, yaron ya hana a kwance shi gaba ɗaya, ya ce a riƙa duba abu ɗaya-ɗaya, har aka gano iska ce take shiga ta wani tsagu a jikin tiyo.

Mai motar gwangwani bai zama injiniya mai takarda ba. Daga aji uku ya tsaya, saboda halin gidansu, ya shiga koyon gyaran injin ban-ruwa, yanzu kuma har sola yake haɗa wa manoma, yana da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Duk lokacin da na wuce ta shagonsa sai ya taso ya karɓi babur ɗina ya duba mini ba ko sisi, kuma bai taɓa tayar da zancen bulalar nan ba, ni ne nake tunawa. A farkon wannan zangon ya aiko mini da ƙaramin faifan sola da fankar tsohuwar kwamfuta guda biyu, saboda na gaya masa cewa 'yan aji biyu na bana sun karanta littattafan magabatansu, sun ga abin da ya faru a watan Yuli, sun kuma ce su za su magance matsalar damina. Dabararsu ita ce a sa fanka ta riƙa hura jikin babbar tukunyar. Aji ya rabu biyu, wasu sun ce iska mai gudu za ta kwashe ruwan ko da damina ce, wasu kuma sun ce iskar da ta ƙoshi ta ƙoshi, ko da gudu take ko a tsaye. Kowane ɓangare ya rubuta hasashensa ya sa hannu, an jera tukwane biyu iri ɗaya a gindin darbejiya, ɗaya da fanka ɗaya babu, an kuma amince za a riƙa aunawa da ƙarfe ɗaya na rana har kwana goma, daga Litinin mai zuwa. Jiya marubuciyar wani rukuni ta biyo ni har bakin ofis ta ce, "Malam, don Allah kai wane ɓangare kake?" Ina da zatona, har na yi ɗan lissafinsa a bayan littafin tsara darasi, amma na ce mata ta je ta tabbatar yashin tukwanen biyu daga buhu ɗaya aka ɗebo shi.